Gyaran Jikin Da Ya Kai Ummi Asibiti

Wata huɗu ke nan da aka sallamo mu, amma sai yau na iya zama na rubuta wannan. Duk wadda ta buga mini waya a lokacin, ce mata na yi jikin Ummi ne ya ƙi wani mai da ta shafa. Ba haka aka yi ba. Ni na yi mata da hannuna, a tsakiyar falonmu, kuma saura ƙiris in rasa ta. Na rubuta ne don uwa irina, mai ganin ta fi takardar magani sanin fatar ’yarta.

Ummi ce ’yata ta fari, shekararta goma sha bakwai, a nan Landan aka haife ta. Sunan mahaifiyata ta ci, ga kuma kunyar ’yar fari, don haka ban saba jan ta a jiki ba kamar yadda iyayen ƙawayenta suke yi a ƙofar makaranta. Haka aka rene ni. Hausa tana ji tsaf, amma da Turanci take ba da amsa, sai in ta ga raina ya ɓaci sannan take lallaɓo Hausar.

Tun tana sha huɗu ƙuraje suka feso mata a fuska da baya da ƙirji. In sun warke sai su bar baƙin tabo. Ana tsananin zafi za ka gan ta cikin rigar sanyi mai hula, ta rufe har haɓa. A bana, da ta gama jarrabawa, aka sa bikin ’yar wan mijina a Kano cikin watan Agusta, har an turo mana anko. Ni kuwa na san bakin dangin miji. Tun daga nan ina jiyo su suna cewa, “Wai wannan ce ’yar Landan ɗin?” Wannan maganar da ba a ma yi ba, ita ta hana ni sukuni.

Ummi ta riga ta sayo wata ’yar kwalba ta intanet, ruwa ne fari mai warin sifirit, an rubuta salicylic acid a jiki, kashi talatin. Sau ɗaya a mako biyu take ɗiga shi a auduga ta shafa a fuska, ta saita agogon waya, minti uku na cika ta wanke. Bayan kwana biyu fatar ta ɗan saɓule, sabuwa ta fito. Kuma wallahi yana aiki, na gani da idona. Nan shaiɗan ya samu ƙofa. Na ce abin da ya yi wannan aikin cikin minti uku, ina ga an yi masa irin namu?

Kakata ta wajen uwa mutuniyar Maiduguri ce, a hannunta na koyi gyaran jiki. A fara da halawa a cire gashi, a murje jiki da dilka, a lulluɓa da bargo a zauna kan turaren wuta har gumi ya tsattsafo. Ita a wajenta sai jiki ya ɗau zafi abu yake shiga, kuma mako guda ake yi a jere. Na hau bas na je wani shago a Old Kent Road na sayo dilka da halawa, na sa Ummi ta yi odar manyan kwalabe biyu na ruwan nan.

Ranar Talata da safe, Abbansu ya tafi ofis, ƙannenta biyu suna wajen ƙwallo. Na hau kujera na sa wa na’urar ƙararrawar hayaƙi safa kamar yadda kowaccenmu take yi in za ta kunna turare. Na kwaɓa dilkar da ruwan kwalbar. Ummi ta tsaya tana kallona.

“Mum, it says face only,” ta ce, tana nuna mini inda aka rubuta fuska kaɗai. “Minti uku, sai a wanke.”

“Don fatarsu suka rubuta,” na ce mata. “Ta Bature ko rana ba ta iya ɗauka. Tamu ta fi ƙwari. Cire rigar.”

Ta cire. Yarinya ce mai biyayya, kuma yau da nake tunawa, ina ganin har da jin daɗi a fuskarta, domin rabon da in taɓa jikinta haka tun tana ’yar firamare. Na yi mata halawa a hannuwa da ƙafafu, na shafe ta tun daga goshi har ƙwauri, na naɗe ta da ledar da muke rufe abinci, na rufa mata bargo a kan kasko. Awa biyu ta yi. Ta ce yana yi mata raɗaɗi, na ce aikin ke nan.

Ranar Laraba muka maimaita. Da la’asar ta ce kanta yana sarawa, kuma akwai wata ƙara a kunnenta, siririya, ba ta tsayawa. Na ce zafin gari ne. Na ɗauko garin maganin ciwon kai, ’yan ƙullin nan da ake kawo mana daga gida, na kaɗa mata biyu a ruwa. Ban taɓa karanta bayan takardarsa ba. Asfirin ne a ciki, shi da ruwan kwalbar kuwa dangin juna ne, amma a lokacin wa ya gaya mini?

Ranar Alhamis ta tashi jiki ba ƙwari, sai na yi magana sau biyu take juyowa. Na ɗauka shariya ce irin ta ’yan mata. Na sake shafe ta. Ba ta kai awa ɗaya a bargon ba ta fara amai. Na kware ledar, na goge ta da tawul, ban yi mata wanka ba, domin ba a wanke dilka nan take, murjewa ake yi a bar man a jiki. Na zura mata abaya. A nan na lura da numfashinta. Sama-sama yake, da ƙarfi, kamar wadda ta hawo bene da gudu, alhali a zaune take. Gumi yana zuba, jikinta ya yi zafi rau. Ta dube ni ta tambaye ni da Turanci wai yaushe za a fara jarrabawar, jarrabawar da ta gama tun makonni uku.

Na kira tasi muka nufi asibitin unguwarmu. Sashen gaggawa cike yake, har a ƙasa mutane suke zaune. Na yi wa Abbansu waya, na kuma kira Anti Binta, ’yar garinmu da ta fi shekara talatin a ƙasar nan, wadda komai ya taso ita muke tambaya. Na gaya mata gaskiya a gurguje.

“Ke, kama bakinki,” ta ce. “Yarinyar ba ta kai sha takwas ba. Kika ce ke kika yi mata, yanzu za su kira council, hukumar da take sa ido kan yara. Su ɗauke ta, su haɗa da ƙannenta. Ki ce ba ki san komai ba, su yi aikinsu.”

Ba na ɗora mata laifi, tsoron da yake ranta shi ne a raina tun kafin in kira ta. Bayan minti arba’in wata nas ta ga yadda Ummi take numfashi, ta tsallake layi ta shigar da mu. Suka ɗebi jini, suka sa mata ruwa. Da nas ɗin ta ɗaga abayar don ta manna wayoyin gwajin zuciya, sai ta ga ƙirjin ya yi fari-fari yana saɓulewa. Ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce ƙurajen zafi ne, ta saba yin su duk bazara. Na faɗa ba tare da muryata ta yi rawa ba, Ummi tana kwance tana ji.

Wajen azahar wata likita ta zo, doguwa mai gajeren gashi. Ta ce sun samu sinadarin asfirin mai yawa a jinin Ummi, yawan da yake kisa. Ta tambaya ko akwai ƙwayoyi a gida. Na ce sai dai na ciwon kai, na ba ta ƙulli biyu jiya. Ta ce wannan bai isa ya kawo haka ba. Sai ta roƙe ni in ɗan fita, za ta yi magana da Ummi ita kaɗai. Na fita na tsaya a baranda. Da na dawo na tarar suna ba ta wani baƙin ruwa kamar an dama gawayi, tana sha tana amayarwa. Ban tambayi dalili ba, domin mai ɓoye magana ba ya son yawan tambaya.

Abbansu ya iso daga Charing Cross da rigar ofis a jikinsa. Ya tambaye ni me ya faru, na ce ni ma ban sani ba. Bai san ana gyaran jiki a gidansa ba, wannan ba maganar da ake yi da maza ba ce. Ya zauna yana jan carbi. Ni kuma ina tsaye ina kallon ’yata tana fisgar numfashi, ina ce wa kaina yanzu ruwan da suke sa mata zai wanke komai, ba sai na yi magana ba.

Ƙarfe huɗu suka sake ɗibar jini. Likitar ta dawo fuskarta a ɗaure. Kalmominta har yau suna kaina. Ta ce, “Ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba. Daga wani wuri yake ci gaba da shiga.” Ta ce in bai tsaya ba za su kai ta wankin ƙoda, kuma yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ummi ta daina gane Abbanta. Tana ta fisge robar hannunta tana surutai.

Akwai wata ma’aikaciyar jinya a sashen, babbar mace ’yar Ghana, Fati sunanta. Ita take canza wa Ummi zanin gado. Ta sunkuya a kanta, ta ɗago, ta dube ni. Sai ta ja ni gefe ta yi mini magana da Hausarsu ta zango.

“Hajiya, ni na san warin dilka. Mi ka sa ma yaro nan a jiki? Ka faɗa ma dokta. In ka yi shiru, gawa za ka ɗauka.”

Ban san lokacin da na isa gaban likitar ba. A gaban mijina, a gaban nas biyu da wani namiji mai tura gado, na faɗi komai: kwalaben, halawar, ledar, bargon, kwana uku, da cewa ko wanka ban yi mata ba. Na nuna mata hoton kwalbar a wayar Ummi. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ma da lokacin. Nan take suka yanke abayar da almakashi, suka yi ta wanke ta da ruwa da sabulu tun daga kai har ƙafa. Awa biyar ke nan da shigowarmu. Awa biyar abin yana kan fatarta yana shiga jininta, ni kuma ina tsaye da amsar a bakina.

Aka kai ta sashen masu tsananin ciwo. Kwana biyu suna ɗura mata wani ruwa da suka ce zai taimaki ƙoda ta fitar da gubar ta fitsari, suna auna jini bayan kowane ’yan awoyi. Injin wankin ƙodar an turo shi har bakin gadon, an rufe shi da farin ƙyalle. Duk wanda ya shigo da takarda a hannu sai gabana ya faɗi. Ban taɓa jin tsoro irin na kwana biyun nan ba. Abbansu bai ce mini komai ba, ko kalma ɗaya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar Asabar da hantsi likita ya ce adadin ya fara sauka. Aka tura injin aka fita da shi ba a yi amfani da shi ba.

Mako na farko a ɗakin jinya muka yi shi. Hankalinta ya dawo, amma kunnen bai dawo ba, sai an ɗaga murya. Fatar bayanta da cinyoyinta ta yi ta saɓulewa, wasu wuraren har da ruwa, musamman inda na yi halawa. A kife take kwana. Dangi kuwa suka buɗe mana wuta ta waya. Yayar mijina ta ce kambun baka ne saboda an ga hoton ankon. Wata ta ce ƙarar kunne alamar mutanen ɓoye ce, a nemi mai ruƙiyya. Wata ta aiko a shafa mata zuma da man habbatussauda a kan gyambon. Na ce musu na gode. Ni da na gama shafe-shafe, ko man kaɗanya ban ƙara kusantar da shi jikinta ba sai da izinin nas.

Abin da Anti Binta ta ji tsoro ya zo, amma ba yadda ta zana shi ba. Wata mata daga council ta same ni a asibitin, ta zo gida sau biyu, ta yi magana da yaran kowa shi kaɗai. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta buɗe kabad ɗin banɗaki, ta ce a kulle duk wani magani a akwati mai makulli, har da na mura. Na ɗauka saboda ’yan ƙullin nan ne. Ba su ɗauke mini kowa ba. Abin da na yi ta gudu har na kusa ba da ran ’yata a kansa, ya ƙare a tambayoyi da cike takardu.

A mako na biyu aka sallame mu. Na ajiye aikina na kula da tsofaffi, na koma jinyar gida: wanke ciwo, canza bandeji safe da yamma, kai ta gwajin jini. Ganin likitan unguwa kuwa sai da na yi kwana huɗu ina kira tun ƙarfe takwas kafin na samu booking, aka kuma yi cancel ranar da za mu je. Na yi ta mita, sai in tuna mutanen nan su suka ceto mini ita, in ja bakina. Bikin Kano ba mu je ba. Ankon yana nan cikin ledarsa.

Mako na uku ƙarar kunnen ta ragu, ta fara jin sallama daga ƙofa. Mako na huɗu muka ga likitar fata, a wani asibiti da sai mun sauya bas a Aldwych. Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ruwan nan in a fuska kaɗai aka shafa, na ’yan mintuna, aka wanke, abin da yake ratsawa cikin jini kaɗan ne, bai kai na ƙwayar asfirin da mutum zai haɗiya ba. Ta ce abu huɗu ne suke mai da shi guba: a shafa a jiki mai faɗi, a kan fatar da aka riga aka ji wa rauni, a rufe da leda, a ƙara da zafi. Ta lissafa su da yatsunta, ni kuma ina zaune na san babu wanda na bari a ciki. Na tambaye ta maganar ƙwarin fatarmu. Ta ce baƙar fata ba ta hana komai shiga, abin da take ɓoyewa shi ne jan da zai nuna an ƙone, kuma ita ta fi saurin yin tabo. Tabon da yake bayan Ummi yanzu ya fi na ƙurajen da na tashi gyarawa.

Don haka ’yar’uwa, in takarda ta ce fuska, to fuska. In ’yarki ta ce kunnenta yana ƙara bayan ta shafa irin wannan, ko numfashinta ya sauya, ki wanke ta da ruwa mai yawa ki kai ta asibiti da kwalbar a hannu. Kada ki ba ta maganin ciwon kai. Kuma ki faɗi abin da kika yi tun a bakin ƙofa.

A mako na shida wata wasiƙa ta zo da sunan Ummi. Ta karanta ta ninke, ta ce in raka ta ranar Litinin. Na zaci gwajin kunne ne. Sai da muka isa na ga allon ƙofar: sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa. Ta shiga ita kaɗai, ta yi kusan awa ɗaya. Da ta fito muka zauna a bencin tashar bas, na tambaye ta me ya haɗa ta da wannan wurin.

Sai ta ce ranar da likitar ta fitar da ni baranda, ta tambaye ta ko ta sha ƙwayoyi da gangan. Ita kuma ta ce e. Ta ce musu ta haɗiyi asfirin da yawa don ta gaji da rayuwa. Shi ya sa suka ba ta ruwan gawayin nan, shi ya sa suka yi ta neman gubar a cikinta ba su duba fatarta ba, shi ya sa matar council ta sa aka kulle magunguna. Daga baya ta gaya musu ba gaskiya ba ne, amma maganar ta riga ta shiga fayil ɗinta, dole sai sun tabbatar.

“Ummi, kin sha?” na tambaye ta.

“A’a, Mama. Ko ɗaya.”

“To don me kika faɗa?”

“Na ji kin ce wa nas ɗin ƙurajen zafi ne,” ta ce. “Sai na gane ba kya so su sani. Kuma na ga kin tsorata.” Ta gyara zaman mayafinta. “Na ɗauka mutuwa zan yi. Na ce in na mutu, gara su rubuta ni na yi, kada su ce ke ce.”

Bas ɗinmu ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya rufe ya wuce. Muna nan zaune a bencin.